Tsanin Wa Ake Hawa? Nazari a kan Darussan Gwaji na Koyon Faransanci ta Intanet

Gabatarwa

Wannan ƴar takarda ta samo asali ne daga wani abu da ya faru a ajinmu na ƴan shekarar farko. Wani ɗalibi, wanda ya soma karatunsa a makarantar allo da madarsa kafin ya shigo lakwal, ya nuna mani wayarsa cikin murna. Ya gama darussan gwaji na matakin B1 a wani shafin koyon Faransanci, kuma makin da ya samu bai yi nisa da cikakke ba. Na taya shi murna. Bayan ƴan kwanaki sai buƙata ta kama shi ta rubuta takardar neman izini zuwa ga shugaban sashe, ya kawo mani in duba masa. Layi shida ne, kuma babu layin da ya kuɓuta daga kuskure. Yaron ba malalaci ba ne, bai kuma yi maguɗi ba, domin na zauna da shi ya sake yin gwajin a gabana, ya kuma ci. Abin tambaya shi ne, mene ne na'urar ta auna har ta ce masa ya iya, kuma mene ne ta kasa gani?

Darussan da ake magana a kansu sanannu ne ga duk mai riƙe da wayar zamani. Ana ba mai koyo ɗan guntun sauti, ko hoto mai motsi, ko rubutu, sa'annan a biyo shi da tambayoyin canki-canka, ko cike gurbi, ko haɗa kalma da ƴar'uwarta, ko jera kalmomin da aka hargitsa. Da ya taɓa amsa sai na'ura ta nuna masa kore ko ja. An kuma jera su hawa-hawa, daga abin da aka ce mai sauƙi ne zuwa mai wuya. Irin wannan tsari shi ne na shafin koyon Faransanci na tashar TV5Monde, da na gidan rediyon RFI wanda ke da labaran duniya na minti 10 cikin sauƙaƙan Faransanci tare da rubutunsu, haka kuma Duolingo, wadda aka buɗe wa jama'a a 2012, ta ɗauki tsarin ta mayar da shi wasa. Hujjar wannan takarda ita ce, jeren sauƙi da wuya da ke cikin waɗannan darussa ba na kowa da kowa ba ne. An auna shi ne da bakin wasu mutane, kuma Bahaushe ba ya cikinsu.

Batun ya shafe mu kai tsaye. A watan Maris na 2025 sabon kundin da ke tafiyar da ƙasar Nijar ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Duk da haka, akasarin littattafan da ɗalibinmu zai karanta, da jarrabawar da zai rubuta, da takardar da zai kai ofis, da Faransanci suke. Wanda ya shigo jami'a da raunin wannan harshe, kuma ba ya da kuɗin malami na musamman, wayarsa ita ce malaminsa na dare.

Asalin tsanin

Dabarar ta girmi intanet nesa ba kusa ba. Tun cikin shekarun 1920 wani Ba'amurke mai suna Sidney Pressey ya ƙera wata ƴar na'ura mai ba da tambayar canki-canka ta kuma ƙirga amsa. A shekarun 1950 masanin halayya B. F. Skinner ya kafa mata ka'ida: a tsattsaga ilimi zuwa ƙananan loma, a ba mai koyo ɗaya bayan ɗaya, a saka masa nan take in ya dace. Gwajin cike gurbi kuwa Wilson Taylor ne ya gabatar da shi a 1953, kuma ba domin koyar da harshe ya yi shi ba, domin auna sauƙin karanta rubutu ne. Da intanet ta zo, wata manhaja mai suna Hot Potatoes, daga Jami'ar Biktoriya ta ƙasar Kanada, ta ba kowane malami damar ƙirƙiro irin waɗannan tambayoyi ba tare da ya san sirrin kwamfuta ba, daga ƙarshen shekarun 1990. Abin da ke cikin wayar ɗalibinmu yau jikan waɗannan ne, an dai yi masa kwalliya.

Haruffan nan kuma, A1, A2, B1, B2, C1 da C2, sun fito ne daga ma'aunin harsuna na bai ɗaya da Majalisar Turai ta wallafa a 2001, wanda masu Faransanci ke taƙaita sunansa da CECRL. Tushensa aikin da aka yi ne a 1975 da 1976 na tantance ɗan abin da baligi Bature ke buƙata in ya ƙetara iyaka zuwa maƙwabciyar ƙasa domin aiki ko yawon buɗe ido. A 2005 aka daidaita jarrabawar DELF da DALF a kan waɗannan matakai shida. Ya kamata a yi wa ma'aunin adalci a nan: shi bai ce a koyar da ƙa'idar nahawu kaza kafin kaza ba. Abin da ya bayyana shi ne abin da mai koyo zai iya aikatawa da harshe a kowane mataki, alal misali ya gabatar da kansa, ko ya ba da labarin tafiya, ko ya kare ra'ayinsa. Rarraba nahawun Faransanci a kan matakan aiki ne na daga baya, wanda Jean-Claude Beacco da abokan aikinsa suka soma fitarwa a 2004, marubuta littattafan koyarwa kuma suka bi, masu shafuka suka bi su.

Ba za a ƙi faɗin alherin waɗannan darussa ba. Da yawansu kyauta ne. Na'ura ba ta gajiya, ba ta tsawa, ba ta yi wa mutum dariya in ya faɗi sau goma, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga magidanci ko matar aure da ke jin kunyar zama aji ɗaya da ƴaƴan cikinsu. Shafin TV5Monde yana da wata falala ta daban, wato muryoyin gaskiya ne daga shirye-shiryen talabijin, har da na Kanada da Beljiyam da Suwizalan da Afirka, ba muryar ɗan wasa mai karanta takarda ba. Aibinsa a wurinmu shi ne hoto mai motsi yana cin kuɗin intanet kamar wuta a jeji.

Sauƙi ga wa?

Na fara fahimtar matsalar ne ba a kan Faransanci ba. Lokacin da nake karatu a Jamus, sai da na hau wannan tsani da ƙafata domin koyon Jamusanci. A ajinmu akwai ƴan Sifen da Rasha da Sin. Darasin da ɗan Rasha zai gama yana hamma, shi ne ɗan Sin zai kwana a kansa, wanda kuma ya zame mani ruwan sha, shi ne ya gagari su biyun. Littafi ɗaya, jere ɗaya, amma kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Wuyar harshe ba a cikin harshen kaɗai take ba, tana tsakaninsa ne da harshen da mai koyo ya taso da shi.

Mu ɗauki darasin farko na matakin A1, wato “être” da “avoir”. Ga Bature mai Ingilishi ko Jamusanci ko Sifaniyanci, wannan musayar kalma ce kawai, domin harshensa yana da aikatau masu irin wannan aiki. Hausa kuwa ba ta da aikatau ko ɗaya a wannan gurbi. Inda Faransanci ya ce “il est”, mu muna da dirka a “malami ne”, muna da “yana gida”, muna da “yana da tsawo”, wani lokaci ma ba mu sa komi, kamar a “sunana Abdu”. Inda ya ce “j'ai”, muna cewa “ina da”, amma “j'ai faim” ina jin yunwa ne, “j'ai vingt ans” kuma shekarata 20. Ke nan abin da aka ɗauka matakalar farko, wadda ake wucewa da tambayoyi goma, ga Bahaushe sabon gini ne a cikin ƙwaƙwalwa. Haka zancen yake ga “un”, “le” da “du”. Muna da madanganci, “-n” da “-r”, muna da mafayyaci, “wani” da “wata”, to amma ba su faɗa daidai kan na Faransanci ba, kuma suna yana iya tsayawa tsirara a jimlar Hausa, kamar “na sayi shinkafa”. Rabin kurakuran takardar ɗalibin nan daga wannan kwana suka fito, daga abin da ya ci a A1 tun watanni da suka wuce.

Jinsi kuma labarinsa daban ne. Darussan suna ɓata lokaci wajen fahimtar da mai koyo cewa tebur da kujera suna iya zama namiji ko tamata, domin suna tunanin mai Ingilishi, wanda wannan abin al'ajabi ne gare shi. Bahaushe ya san haka tun yana goye, ya kuma san sifa tana bin jinsin suna, farin doki, farar saniya. Matsalarsa ita ce ya riga ya raba wa abubuwa jinsi, kuma rabonsa ya saɓa wa na Faransa a wurare masu yawa. Rana tamata ce, “le soleil” namiji. Wata namiji ne, “la lune” tamata. Gida da ruwa maza ne, “la maison” da “l'eau” mata. Kasuwa da wuta da ƙasa mata ne, “le marché” da “le feu” da “le pays” maza. Abin da zai amfane shi shi ne a tara masa sunayen da jinsinsu ya saɓa, a bar masa irin su mota da kujera da littafi waɗanda suka dace da kansu. Babu shafin da zai yi masa wannan, domin babu wanda ya san cewa gida namiji ne a bakinsa. Har ila yau, jam'i a Hausa ba ya da jinsi, “su” ne kawai, don haka bambancin “ils” da “elles” yakan zame masa, alhali shi ne mai bambanta “kai” da “ke”, abin da Faransanci bai sani ba.

Inda abin ya fi ba ni sha'awa shi ne lokutan aikatau. Malaman Faransanci a Turai sun ɗauki zaɓi tsakanin “imparfait” da “passé composé” a matsayin babban tudu, shi ya sa za ka tarar da tarin tambayoyi a kansa a A2 da B1. Ga Bahaushe wannan tudu shimfiɗaɗɗe ne, domin bambancin “yana ci” da “ya ci” ke nan. “Ina cin abinci sai ya shigo” ita ce “je mangeais quand il est entré”, ba ragi ba ƙari. Ɗalibinmu yakan cinye waɗannan tambayoyi, na'ura ta yi masa tafi. To amma “yana ci” a Hausa ba ta faɗin ko yanzu ne ko jiya, mahalli ne ke nunawa. Saboda haka ramin da yake faɗawa yana tsakanin “il mange” da “il mangeait”. Zai soma labarin jiya daidai, a jimla ta uku sai ka ga ya koma lokaci mai ci. Tambayar da ta ba shi zaɓi biyu, dukkansu na shuɗaɗɗen lokaci, ta riga ta rufe masa ramin da hannunta, don haka ba za ta taɓa sanin yana nan ba.

Haka kuma “subjonctif”, wanda galibi ake ɓoyewa sai ƙarshen A2 ko B1 ana tsoratar da masu koyo da shi. Umurtau ne namu na kullum. “Ina so ka zo”, “dole ka tafi”, “kafin ya iso”, “don ya gani”, duk wuraren nan huɗu Faransanci ma “subjonctif” yake sawa. Da za a nuna wa Bahaushe wannan tun makon farko, da ya sami ƙwarin gwiwa, abin da zai rage masa kawai haddar siffofin aikatau. Tarkon da ke jiransa guda ne: muna cewa “ina so in zo” da umurtau, Faransanci kuwa “je veux venir” yake cewa in mai so da mai zuwa mutum ɗaya ne. Duk malamin da ya koyar a Maraɗi ko Damagaram ya sha gyara “je veux que je vienne”. Ban taɓa cin karo da darasin intanet da ya tsaya a kan wannan ba ta fuskar da za ta yi mana magani.

Sauti fa? Wasulan Hausa biyar ne, gajeru da dogaye, na Faransanci kuwa sun haura 12 in an haɗa da na hanci. Kunnen da bai saba ba yakan haɗe “rue” da “riz” ko da “roue”, ya haɗe “vent” da “vont”, kuma “dessus” da “dessous”, wato sama da ƙasa, su zame masa abu ɗaya. Ba mu da “v”, ba mu bambanta “p” da “f”, ga kuma masu karin harshen yamma da ke cewa “hwari” maimakon “fari”. Gaɓar Hausa ba ta ɗaukar cunkoson baƙaƙe irin na “arbre” ko “spectacle”. Shaidar yadda bakinmu ke sarrafa Faransanci tana nan a kalmomin da muka ara, mushe da kaye da jandarma da kumandan da lokotoro. Darussan sauraro na matakin farko sukan tambayi ma'ana ne, wa ya yi magana, ina za shi, kuma mai wayo yana iya gano amsa daga hoton ba tare da ya ji bambancin wasali ko ɗaya ba. Ranar shifta asiri ke tonuwa. Mu da rubutunmu na boko ke bin furuci, in ban da karin sauti da tsayin wasali, yana yi mana nauyi mu yarda cewa “il parle” da “ils parlent” sautinsu ɗaya, ko kuma “parler”, “parlé” da “parlez”.

Bari in ɗan ratse a kan lissafi. Darasin farashi na A1 yakan sa mai koyo ya saurari kuɗin burodi da Yuro. An san “soixante-dix” da “quatre-vingt-dix” suna wahalar da kowa. Amma ɗan Nijar yana da ƙarin aiki, domin a kasuwa da dala yake ƙirga, dala 20 ita ce “cent francs”, jika ɗaya ita ce “mille francs”. Wanda yake koyon Faransanci domin ciniki, abin da yake bukata shi ne saurin ninkawa da biyar a tsakanin harsuna biyu. Wannan ba ya kan kowane mataki na tsanin.

Abin da na'ura ke aunawa

Ko da an gyara jeren, akwai sauran magana. Tambayar canki-canka tana auna ganewa ne, ba samarwa ba. Gane amsa a cikin huɗu daban, fito da jimla daga cikinka daban, kuma Hausawa sun ce gani ba ci ba ne, da kare bai kwana da yunwa ba. In zaɓi huɗu ne, mai canka ido rufe yana iya samun kashi 25 cikin 100. In tambayar jinsi ce, “le” ko “la”, rabi nasa ne tun bai karanta ba. Yawancin darussan kuma suna bari a sake har sai kore ya fito, ta yadda a zagaye na uku abin da aka haddace shi ne wurin da amsar take zaune. Tambayar cike gurbi ta ɗan fi, amma ita ma ta riga ta gina jimlar, ta zaɓi lokacin, ta jera kalmomin, bulo ɗaya ta bari a sa. Ɗalibina ya iya sa bulo. Takardar shugaban sashe kuwa ta nemi ya tayar da ɗaki daga tushe.

Sa'annan in ta ce ja, ba ta faɗin dalili, in ma ta faɗa, ƙa'idar Faransanci take maimaitawa cikin Faransanci ko Ingilishi. Shafin TV5Monde yana ba da umurni da wasu harsuna, har da Larabci, amma babu Hausa, haka Duolingo ba ta da darasin Faransanci ga mai jin Hausa. Wanda ya rubuta “le maison” don bai kula ba, da wanda ya rubuta don gida namiji ne a ransa, hukuncinsu ɗaya a wurin na'ura, alhali maganinsu ba ɗaya ba ne. Wani lokaci kuma takan kayar da mai gaskiya. Wanda wayarsa ba ta fitar da wasali mai alama a ka cikin sauƙi zai ga ja a kan amsar da ya sani. Wanda ya taso da Faransancin Yamai, inda “descendre” ke nufin tashi daga aiki, “payer” kuma ke ɗaukar ma'anar saye, zai iske an soke masa abin da yake ji a bakin ma'aikata kullum, ba tare da an gaya masa cewa daidai ne a nan, ba a san shi ba ne a can. Tun 1983 masana suka tattara irin waɗannan kalmomi na Faransancin Afirka a ƙamus guda, ba kuskuren yara ba ne.

A ajinmu ban hana kowa darussan ba. Abin da muka yi shi ne, duk wanda ya gama darasi zai rufe waya ya rubuta jimla biyar nasa na kansa da ƙa'idar da ya gwada, sa'annan a ƙarƙashin kowace ya rubuta yadda zai faɗe ta da Hausa. A nan ne su da kansu suka gano cewa “subjonctif” tsohon sani ne, suka kuma tara jerin sunaye masu saɓanin jinsi wanda yanzu ya cika shafi uku. Aikin yana cin lokacin malami, kuma a aji mai ɗalibai sama da ɗari ba kowane mako yake yiwuwa ba.

Dalilin da ya sa na kawo wannan batu cikin takardun sashen Hausa, ba na Faransanci ba, shi ne yanzu mu ake kallo. Tun bayan sauyin 2025 ana ta tambayarmu darussan koyon Hausa ta waya, domin Zabarmawa da Fulani da Barebari da Buzaye da baƙi, kuma hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauko jeren Faransanci a zuba Hausa a ciki. Na ga wani daftari da aka soma haka: darasin farko “être da avoir a Hausa”, umurtau an kai shi B1, jam'in suna kuma an ba shi darasi guda tak, kamar dai ƙara “s” ne. Karin sauti bai fito ba ko sau ɗaya. Amma Bazabarme, wanda harshensa ke da karin sauti kuma ba ya da jinsi, zai sha wuya ne a kan “kai” da “ke” da “ne” da “ce”, Bafaranshe kuwa zai wuce jinsi da sauri ya maƙale a karin sauti da baƙaƙe masu ƙugiya. Kafin mu rubuta tambaya ta farko, sai mun tattara kurakuran kowane rukuni daga bakinsu da rubutunsu, kuma na roƙi ɗaliban shekara ta uku masu jin Zabarmanci da Fulatanci su soma kawo nasu daga wannan zango.